Abin Wuyan da Ya Tona Asiri

A layin mai gyaran waya a kasuwar birnin Cebu, wata mata ta hangi abin wuyan kare a hannun dattijon da ke gabanta.

"Baba, lalacewa ya yi?"

"Ina fa! Zuwa na yi a lalata shi. Matata ta saya wa karenmu, duk inda ya taka sai wayarta ta nuna mata."

"To, laifin me ya yi?"

"Likita ya ce in riƙa tattaki kullum, ni da karen muke fita. Jiya take tambayata me kare yake yi awa biyu a filin faɗan zakaru."

"Ka ce mata me?"

"Na ce shi ya ja ni."

Matar ta miƙa hannu wajen abin wuyan.

"Baba, kar a lalata, sayar min. Nawa mijin wata uku ke nan yana fita da kare, tumbin ko gezau."