Tsohon da Ya Ƙi Allurar Rigakafi

Na dawo daga awo ina jiran keke a Barnawa, sai wata mata 'yar kwamitin rigakafi ta tsaya gaban wani tsoho a benci, da littafinta a hannu.

"Sannu Baba. An yi maka allurar tsofaffi?"

"Ba a yi ba, 'yata."

"Haba Baba! Liman ya yi sanarwa, fasto ya yi. Ba a zo gidanka ba?"

"Ana zuwa duk Talata. Wata Asabe da wata Abigail. Su zauna su yi ta lallashina, ni kuma in dafa musu shayi."

"Tsoron allura kake yi?"

"Ni? Shekara talatin ina masaƙa, inji ya cinye min yatsa ban yi kuka ba."

"To mene ne?"

"Maƙwabcina Isiyaku ya yarda tun zuwan farko. Suka sa masa alamar alli a ƙofa."

"Ai shi ya huta."

"Ya huta kam. Wata huɗu ke nan ba wanda ya sake yi masa sallama."

Matar ta rufe littafin. "Yaranka fa?"

"Suna Legas. Sukan kira da Sallah." Ya jawo sandarsa. "Don Allah 'yata, ki bar ni a cikin masu taurin kai."