Wasiƙar Tallafi Ta Zo da Sunan Hawa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Ayigya Zango nake gaishe ka.

Sai da maƙwabciyata ta karanta mini wasiƙar Turancin na gane. Gidauniyar da ke tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi ta yarda ta rufa wa ƙungiyarmu ɗakin wankan gawar mata, amma sai sakatariyarmu ta sa hannu. 'Yata Hawa ke nan, ita ta cike takardun.

Na je ofishinsu na ce, "Hawa ta rasu. A ɗakin aka wanke ta, ina riƙe mata lema."

Ma'aikacin ya ce, "Allah ya jiƙanta, Mma, amma sai kun sake rajista."

Mu tsofaffi dangwala yatsa muka iya. Masu sauraro, ina ake farawa? Damina ta kusa, ɗakin ba rufi.