Ta Ɓangaren Idon Da Ba Ya Gani

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Sunana Rahila.

Har yau idan na ji ƙaurin ashana, sai in tuna hanyar Ɓaure. Irin ƙaurin da ya cika motarmu ke nan ranar, ga wani farin gari yana sauka a kanmu kamar an kaɗe buhu.

Motar Babana ce, tsohuwa 'yar Beljiyam da aka shigo da ita ta Kongolam. Ni kuwa mai son ado ce tun ina ƙarama. Na samo ƙananan duwatsun kwalliya, na manna su da gam a tsakiyar sitiyari, na yi masa fure. Baba ya yi dariya ya ce, "Yau direban amarya aka mai da ni."

Ranar nan saniya ce ta faɗo titi, Baba ya kauce ya bugi kututture. Bugun ba wani mai ƙarfi ba ne. Amma jakar iskar nan da ke cikin sitiyari ta fashe masa a fuska. Makiyayin saniyar ne ya cire rawaninsa ya ɗaure wa Baba kai, Allah ya saka masa. Idon Baba na hagu bai sake gani ba.

Wayyo! Zuciyata ta ce mini, duwatsunki ne. Na bar ƙungiyar mawaƙa. Abinci ya daina wuce mini. Idan zan kai masa tuwo, ta hagu nake bi in ajiye, don kada ya gan ni.

Wata Lahadi da rana ya cafke hannuna.

"Rahila, kina tsammani ido ɗaya bai isa ya ga kin rame ba?"

"Baba, ni na makanta ka."

"Ke tafi can! Ke kika aiko saniyar? Dawo dama, mu yi addu'a."

Na durƙusa. Bai roƙi idonsa ba. Cewa ya yi, "Ya Uba, ka dawo mini da 'yata." Na yi kuka har muryata ta dashe, na ji an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji. Halleluya!

Na gode wa Ubangiji. Kai da kake ɓuya a cikin gidanku, fito, ka dogara gare shi. Ni ya 'yantar da ni tun ina ganin laifina ne.

Sai bayan shekaru, da na yi aure, wani makanike ya faɗa wa mijina cewa irin motar nan an daɗe da kiran masu ita a ƙasar da ta fito, don a canza musu jakar iskar, saboda takan watso gutsattsarin ƙarfe. Mu kiran bai iso Daura ba. Na tambayi Mama abin da likita ya ciro daga idon Baba. Ta ce ƙarfe ne.