Maganar da Niɓ Ɓoye a Bakin Jingar Kwargaba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban wanga taro, Allah shi ƙara maka lafiya. Wakilin mai girma Hakimi, ranka shi daɗe. Liman da na'ibinai, Allah shi gafarta muku. Masu garuruwan Kwargaba da Sisawa. Ardo da jama'atai. Iyayena manoman fadama. Iyayena mata da ke bayan zana suna saurare. Baƙinmu da sunka taso daga Rabah da Goronyo. Jama'ar Wurno manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayenai.

Na gode wa Allah da yat tara mu lafiya, na kuma gode wa waɗanda sunka ba ni wuri. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Abdulƙadiri ɗan Maigandi, mutumin Rara, wanda anka aika jami'a a Ingila shekaru shida da sunka wuce. An kira ni yau in bayyana amfanin karatu mai zurfi, domin iyaye su saki ɗiyansu su tafi makaranta. Zan yi hakan, amma ba ta hanyar da anka zata ba, domin akwai maganar da ta daɗe tana hana ni ɗaga kai a cikinku. Abu ukku zan faɗi: abin da nik karanta, abin da niy yi da shi, da abin da niy yi bayan nan.

Na farko, karatun. Kowa nan ya san lissafin abu guda: in ka ƙara taki, amfani ya ƙaru. Amma ruwan fadama ba abu guda ke tafiyar da shi ba. Gangaren ƙasa na jan shi, zurfinai na ƙara mishi nauyi, faɗin hanya na sassauta shi, irin ƙasar da yat taka ko ta riƙe shi ko ta sha shi, kuma duk lokaci guda suke aiki. To, akwai lissafin da ke ɗaukar waɗanga abubuwa duka. Za ka tsai da sauran ka motsa ɗaya ka ga mi za ya faru, ka koma ka motsa wani, sannan ka tara su har ka san yawan ruwan da za ya kwanta bayan jinga da ƙarfin da za ya tura ta. Shekara ukku ina fama da shi cikin sanyi da kewar gida, har niz zama na biyu a ajinmu. Ilimi ne mai kyau, ilimi ne na gaskiya, kuma har gobe ba ni da abin da zan zarge shi da shi.

Na biyu, aikin. Da nid dawo, anka haɗa ni da wani Bature injiniya domin a ɗaga jingar ƙasa a fadamar Kwargaba, wadda za ta tare ambaliyar gulbi daga gonakin shinkafa. Ni nis shata inda za ta bi. Mako shida niy yi ina lissafi, shafi arba'in, kuma da injiniya yad duba sai yac ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan a ƙasar nan ba. Jama'a, ban ɓoye muku ba, maganar ta shiga kaina.

Helman leburorinmu, wato shugabansu, shi ne Baba Mode Gajere, ga shi can zaune gindin itacen bedi, wanda ya hi shekara hamsin shina noma a wannan fadama. Ranar da munka kafa turakun awo, yat tsai da mu daidai wata 'yar kwana kusa da tsamiya. Yay yi magana mai tsawo. Yac ce zamanin da shike saurayi gulbi ta nan yab bi kafin shi sake hanya, kuma laka ce kawai a sama, ƙarƙashi rairayi ne zalla. Yac ce ruwa ba za ya tsallake jingar ba, ta ƙasa za ya ɓullo. Yan nemi a kauce da ita yamma kamar taki ɗari biyu.

Ni ne tafinta a wurin. Injiniya yaj juyo yat tambaye ni mi dattijon ke faɗi. A wannan tsayuwar na san ramu ukku kaɗai nis sa anka haƙa domin duba ƙasa, kuma babu ko ɗaya a wannan kwanar. Na san malaminmu ya sha gargaɗinmu cewa ƙasa ba iri ɗaya ta ba daga wuri zuwa wuri, kada mu ba ta lamba guda don neman sauƙi. Na san in anka kauce da jingar, shafi arba'in sun tashi banza. Abin da ya hi wannan duka, na ji kunyar in faɗi a gaban Bature cewa manomin da bai taɓa riƙa alƙalami ba ya ga abin da ban gani ba. Sai nic ce mishi da Turanci wai dattijon na yaba aikin ne. Injiniya yay yi murmushi, yad dafa kafaɗar Baba Mode, munka wuce.

Kun san sauran, don a kanku yas sauka. Cikin watan marka, ranar wata Laraba da hantsi, ruwa yaɓ ɓullo ta ƙarƙashin jingar daidai tsamiyar nan, kafin azahar ya yage ta. Gonakin gida talatin da ɗaya sunka nutse. Shanun Ardo biyar da ke kiwo a gefen fadama ruwa yat tafi da su. Inna Kulu, wadda mijinta yar rasu yab bar ta da marayu huɗu, shinkafarta ta fara fidda kai, ba ta yanki ko dami guda ba. Na gan ta tsaye bakin ruwan da lauje a hannu, sai niz zagaya ta bayan mota don kada mu haɗa ido.

Na ukku, kuma shi ne mafi nauyi. Da anka zo bincike, injiniya yaz zaci leburori ne ba su daɓe ƙasar da kyau ba, tunda a ganinai lissafin ba shi da aibi. Haka anka rubuta a rahoto: mutanen Kwargaba sun yi ha'inci a wurin aiki. Anka tara jama'a, anka cire Baba Mode daga helma a gaban ɗiyanai da surukanai. Ni nif fassara mishi hukuncin da bakina, ni kuma nis sa hannu a ƙasan takardar. Wata bakwai ina cin abinci, ina salla cikin sahunku, kuna ce mini Malam, kuna tashi ku ba ni tabarma.

Da rani yay yi, niɗ ɗauki mutum biyu munka je kwanar munka haƙa. Ba mu kai ƙafa huɗu ba sai ga farin rairayi da ɓawon katantanwa. Nis sake lissafin da ƙasar gaskiya, shi kuwa yan nuna mini abin da dattijon yaf faɗi, har da wurin da ruwan za ya ɓullo. Lissafin bai yi ƙarya ba, ni nib ba shi ƙarya.

Daga nan nit tafi wurin Baba Mode. Na iske shi a lambun albasa shina ban ruwa. Nid durƙusa nif faɗa mishi komi. Ya bari sai da nig gama, sannan ya aje ƙwaryar ban ruwan yac ce:

"Ɗana, tun ranar na sani. Ba ni jin Turanci, amma na san tsawon maganata. Na yi magana har yawuna ya ƙafe, kai kuma kaj juya ta da kalma huɗu."

Nit tambaye shi don mi bai tona ni ba ranar da anka cire shi. Yac ce duk ƙasar nan ni kaɗai gare su da yak kai inda nik kai, in ya kada ni babu uban da za ya sake yarda ɗanai shi tafi makaranta. Da nin nemi gafaratai, bai ba ni nan take ba. Yac ce:

"A gaban jama'a anka kunyata ni. In gafara kake so, a gaban jama'a za ka neme ta."

Abin da yak kawo ni ke nan. Na riga na rubuta wa hukuma gaskiyar abin da yaf faru, an janye wancan rahoto, an kuma ɗauke ni daga jagorancin aikin, kuma hukuncin ya dace da ni. Sabuwar jingar da za a fara bayan salla za ta bi yamma da tsamiya, inda Baba Mode yan nuna, shi ne kuma helma. Na roƙi a bar ni cikin masu riƙon sandar awo ƙarƙashinai, an yarda.

Mutanen Kwargaba, ba ku yi ha'inci ba, kun daɓe ƙasar nan da ƙarfinku duka, ni nis sa ku kunka daɓe ta bisa rairayi. Ardo, na san kowace saniya cikin biyar ɗin tana da suna a wurinka. Inna Kulu, na je ƙofarki sau biyu kin aiko a ce ba ki shirya ganina ba, kuma kina da gaskiya, zan ci gaba da zuwa har ranar da kinka ga dama. Baba Mode, ga ni tsaye inda kac ce in tsaya, a gaban ɗiyanka da surukanka da duk wanda yaj ji hukuncin nan daga bakina. Ka faɗi gaskiya, na ɓoye ta. Ka gafarce ni.

Ku kuma iyaye, kada laifina shi hana ku sakin ɗiyanku. Ku aika su su koyi wanga lissafi, domin fadamar nan na bukatar masu shi fiye da ɗaya. Da muna da yawa, da wani ya duba aikina ya tsai da ni.

Allah shi mayar wa waɗanda sunka yi hasara da mafi alheri. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare gonakinmu da dabbobinmu daga ambaliya. Allah shi ja kwanan dattijanmu, shi shirya mana zuriya, shi yafe mana abin da munka ɓoye da abin da munka bayyana. Allah shi mai da kowa gidanai lafiya.

Na gode.