Muryar Bawa

A tashar Kalgo, muna jiran motar Gwandu ta cika, wani ladani mai kaushin murya ya gama kiran azahar. Mutumin da ke zaune kusa da wata tsohuwa ya kasa riƙe dariya.

"Allah Ya gafarta mini, wannan murya kamar ana jan kwanon rufi a tsakuwa!"

"Ba ka ji ta wana Bawa ba, ɗan nan," in ji tsohuwar. "Sau ɗaya ya kira salla a Diggi, jakuna suka amsa. Liman ya ce ya koma sharar masallaci."

"Ya haƙura?"

"Ina! Ya yi fushi ya shiga soja. A yaƙin basasa aka kama shi. Wani mutumin Dangoma da aka tsare su tare ya kawo mana labari. Can babu limamin da zai hana shi, sai ya zama ladanin fursunoni. Masu gadi har rogo suke ba shi don ya sassauta. Ya karɓa, ya raba wa 'yan'uwa, ya ƙara buɗe maƙogwaro."

"To, Inna, da ya dawo an ba shi ladanci?"

"Bai dawo ba, zazzaɓi ya ɗauke shi. Ranar kowa ya makara, har masu gadin. Ɗayansu ma ya taya haƙa kabari."

"Allah Ya jiƙansa."

"Amin." Ta kwance bakin zanenta. "Ungo goron nan, in ka je salla ka ba ladanin. Ka ce ya ƙara murya, akwai tsohuwar da ba ta ƙoshi ba."