Kore a Cikin Leda

AUTA: Salamu alaikum. Yaya, kana ji na?

YAYA: Wa alaikumus salam. Auta? Ina ji, amma kamar daga cikin rijiya kike magana.

AUTA: Bari in fito tsakar gida. Yanzu fa?

YAYA: Yauwa. Ina wuni? Ya mutanen gida?

AUTA: Lafiya lau. Ya shago? Ya su Anti da yara?

YAYA: Alhamdu lillahi. Ya jikin Inna?

AUTA: Da sauƙi.

YAYA: Wane irin sauƙi? Na san muryarki.

AUTA: Irin wanda ake faɗa a waya. Abin shaƙarta ya koma ƙarƙashin matashi. Da 'yan gwangwanin nan na bayan katanga masu ƙona wayoyin lantarki sun kunna wuta, sai ta zauna ta dafa bango, tana jan numfashi kamar mai zuƙar ruwa da tsinke.

YAYA: Subhanallahi. To duba-gari fa? Ba kun kai ƙara ba?

AUTA: Sun zo shekaranjiya.

YAYA: Madalla. Kin nuna musu na'urar da na aiko? Mai auna iskar?

AUTA: Na nuna. Kore shar take nunawa. Babbansu ya ce iskar gidanmu ta fi ta ofishinsu tsabta. Mai ƙona wayar yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce in mun gama da ita a ba shi aro ya rataya a rumfarsa.

YAYA: Kore? Ai ja ya kamata ta nuna. A ina kuka ajiye ta?

AUTA: A kabad ɗin Inna, tsakanin kwanukan aurenta. An naɗe ta a leda, an ɗaure bakin, an ɗora ƙyalle mai ado a kai.

YAYA: Leda? To ta ina iska za ta shiga? Ke da kika yi karatu, kina kallo?

AUTA: Na ciro ta, ta mayar. Na sake cirowa, ta yi fushi har ta ƙi cin abinci. Ta ce kai ka ce mata a kula da ita, kada ƙura ta taɓa ta.

YAYA: Ni na ce... to ai magana ce kawai, irin wadda ake yi in an aika kaya.

AUTA: A wurinka. A wurinta umarni ne. Ranar da suka zo ma da hannunta ta ɗauko, tana alfahari, wai ɗanta mai sayar da kayan lantarki ne ya aiko, ko tabo babu.

YAYA: ...ba na ji, Auta, kina yankewa.

AUTA: Ka ji sarai. Ka saurara, katina ba yawa. Wata mace a cikin duba-garin ta ja ni gefe, ta ce ƙarshen watan nan za a sabunta wa mai ƙona wayar izinin zama. In ina so a sake duba maganar, in kawo awo daga waje, wanda ke nuna rana da lokaci. Ta ce taka ma ta cikin ɗaki ce, ba a karɓar shaidarta.

YAYA: Mai kyau na zaɓa fa. Tana da agogo, tana da fitila.

AUTA: Agogon yana aiki, mun gode. Ɗazu na je wani shago, iri uku na gani masu araha. Ka gaya min wadda zan ɗauka, tunda fanninka ne.

YAYA: Faɗa min.

AUTA: Akwai ƙarama kamar sabulu, tana nuna lamba a fuska.

YAYA: Tana ajiye abin da ta auna?

AUTA: Mai shagon ya ce a'a.

YAYA: Bar ta. Mutumin da sassafe yake ƙonawa, da ranakun da ba aiki. Kafin duba-gari su iso iska ta kwashe hayaƙin, sai ki koma ke da bakinki kawai.

AUTA: Bakina kuwa sun riga sun gwada shi. Ta biyu tana tura awon zuwa waya, amma sai da intanet a gida.

YAYA: Gidan da sai kin fito tsakar gida ake jin ki? Wuce. Ta ukun?

AUTA: Mummuna ce, kamar kwanon da aka kife. Tana da 'yar rumfa saboda ruwan sama, da ƙaramar sola, da katin memori.

YAYA: Ita ce. Amma ki tambaya ki tabbatar ƙurar hayaƙi take aunawa, ba zafi da danshi kawai ba. Ki kafa ta a bangon da ke kallon wurin ƙonawar, sama da tsayin mutum. Kada ki sa ta kusa da murhu, sai ya ce girkinku ta auna.

AUTA: Na ji. Saura abu ɗaya.

YAYA: In kuɗi ne zan...

AUTA: Ba kuɗi ba ne. Kullum nan kake fara tsayawa. Ina kafa ta, Inna za ta tambayi wa ya zaɓa. In na ce kai ne, kafin in dawo daga aiki ta sa an sauko mata da ita, ta shiga leda. In na ce ni ce, za ta ce na raina kyautarka, a cire.

YAYA: To ki kawo Inna wurina mana, ta huta da hayaƙin gaba ɗaya.

AUTA: Ta ce ɗakin da Baba ya gina ba mai gwangwani ne zai fitar da ita daga ciki ba. Ni nake kwana da tarinta, Yaya, amma maganata ba ta kai taka ba. Kai za ka faɗa mata da bakinka: ta bar wannan a waje ta yi baƙi, ta yi datti, aikinta ke nan.

YAYA: Ba ni ita.

AUTA: Ka yi sauri, an riga an yi min gargaɗin kati. Kada ka tsaya gaisuwa. Inna, ga Yaya.

INNA: Babana? Kai ne?

YAYA: Ni ne, Inna. Ina wuni? Dama maganar na'urar nan...

INNA: Lafiya lau. Ya matarka? Ya ƙaramin, ya fara tafiya?

YAYA: Ya fara. Inna, ina so ki...

INNA: Masha Allah. Ya kasuwa? Ya maƙwabcin nan naka mai ciwon ƙafa? Dakata... bari tarin ya wuce.

YAYA: Sannu, Inna. Sannu. Ki sha ruwa.

INNA: Ba komai, sanyi ne. Kada ka damu da abin nan naka, yana nan yadda ka aiko shi. Jiya da hayaƙin ya yi yawa ma na ƙara masa leda ta biyu, don kada...

YAYA: Inna, a'a, ki saurare ni. Inna? Auta? Kuna ji na?