Sa Hannun Mutum Biyu Ya Tsayar Mana da Injin Niƙa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara daga Adabka, ma'ajiyar ƙungiyar matan unguwarmu.

Bara muka buɗe wa ƙungiya asusu a wani banki a Gummi, ni da Malama Rifkatu, ma'aikaciyar asibitinmu, don ita ce mai jin Turanci. Aka miƙo takarda, aka nuna mana wurin sa hannu, muka sa a gurguje.

Watan jiya injin niƙanmu ya lalace. Na hau mashin har Gummi don in ciro kuɗin gyara. Ma'aikacin ya duba takardar ya ce, "Inna, yarjejeniyarku ta ce sai ku biyu kun sa hannu tare. Da kun zaɓi kowacce ta iya cirewa ita kaɗai, da yanzu na sallame ki."

Na ce, "Ɗana, an yi mata canjin wurin aiki, ta koma jiharsu. Ga ta a waya, ji muryarta." Ya ce murya ba sa hannu ba ce.

Sau uku ina zuwa ina komawa hannu wofi. Mun koma daka a turmi, kuma wallahi abin da ya fi ƙona mini rai, matan da suka zaɓe ni sun fara ƙusƙus wai na cinye.

Don Allah masana, yaya ake canza mai sa hannu idan ya yi nisa? Ku amsa a rediyo, don matan Adabka su ji da kunnensu.